Jarka, jaka da shago: Yinin ɗalibi a unguwannin Gusau

Kafin ladan ya yi kiran Assalatu, akwai waɗanda sun riga sun tashi a Tudun Wadar Gusau. Mai suyar ƙosai ta surfe wakenta tun da dare, jira kawai take gari ya ɗan waye ta tashi yaro ya kai markaɗe. Mai shayin bakin titi ya hura wuta. Can ƙasan layi kuma ana jin jarkoki suna gwaruwa a cikin kura, ɗan garuwa ya yi sammakon kama layi a rijiyar burtsatse. Idan kai ɗalibi ne a irin wannan unguwa, ba sai an gaya maka ba, akwai naka kason a cikin wannan hidima, kuma sai ka sauke shi kafin ka taɓa kayan makaranta.

Mu ma da ke shirya muku wannan shafi, irin unguwannin nan ne suka raine mu. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu bi yinin ɗalibi daga Asuba zuwa bayan Isha'i, a Gusau da maƙwabtanta biyu, Tsafe da Bunguɗu. Tambaya ɗaya muke riƙe da ita: a cikin awa 24 na ɗan mai ƙaramin ƙarfi, ina rabon littafi?

Ruwa kafin komai

Kogin Sakkwato ta gefen Gusau ya ratsa, akwai kuma madatsar ruwa a kansa da aka yi domin garin. Duk da haka, a unguwanni da dama famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, rijiyoyi kuma suka ja baya. Gidan da ke da hali sai ya tsayar da ɗan garuwa. Gidan da ba shi da hali, yaransa ne 'yan garuwarsa.

Bari mu yi ɗan lissafi, tunda shafin makaranta ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan jarka mai cin lita 25 ta kai nauyin rabin buhun siminti. Kurar da aka jera wa jarka 12 kuwa kilo 300 ke cikinta, ban da nauyin ƙarfenta, kuma mutum ɗaya ne ke tura ta a cikin rairayi da kwazazzabai. Duk ranar da kuka ji ana ciniki da ɗan garuwa ana neman ragin da bai taka kara ya karya ba, ku tuna da wannan lissafi.

Yarinyar da ta yi sawu uku da jarka a ka kafin ƙarfe bakwai, ta ɗauki kilo 75 ke nan kafin ta karya kumallo. Sai ta yi wanka, ta shirya ƙannenta, ta kama hanya a ƙasa, domin tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin kabu-kabu da na Keke Napep ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Ta isa an rufe ƙofa, mai bulala na tsaye. A rajista za a rubuta ta makara. Babu gurbin da za a rubuta jarka uku.

Ba cewa muke a daina horon masu makara ba. Mun san akwai waɗanda barci ne kawai da hirar dare. Amma malamin da ya tsaya ya tambayi dalili kafin ya ɗaga bulala, sau da yawa yakan sauke ta.

Jirgi ne ya kawo su

Mai yiwuwa ba ku taɓa tambayar yadda unguwarku ta samu ba. Gusau dai Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, bayan an ci 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke ƙasar Tsafe a yau. Wannan yanki a da ɓangaren ƙasar Katsina ne, shi ya sa har gobe sarautar garin sunanta Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuma ana kiransa 'Yandoton Tsafe. Tsohon gari shi ne wajen Kanwuri da kewayensa.

Abin da ya buɗe garin shi ne jirgin ƙasa. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗo layin dogo daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga suka samu hanyar fita zuwa bakin teku. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga. Sai leburori da masu dako da akawuna da makanikai suka yi ta kwararowa: Hausawa daga ƙauyuka da sauran garuruwa, Yarabawa, Nufawa, Ibo. Sabon Gari da Tudun Wada a wannan tafiya suka bunƙasa. Tun asalinsu unguwannin baƙi ne masu neman na kansu. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

A shekarun 1960 aka buɗe masaƙa a Gusau, ga kuma kamfanin matsar man gyaɗa. Ku tambayi kakanninku, za su ba ku labarin lokacin da ake tashi daga aiki ma'aikata su cika titi a kan kekuna, ƙarshen wata kuma mai shago da mai nama da tela kowa ya san an yi albashi. Masaƙar ta daɗe da yin shiru, kamar 'yan uwanta na Kaduna da Kano. Rashin tsayayyar wutar lantarki, da atamfar waje mai araha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, da ja bayan noman auduga, su suka taru suka kwantar da su. A ranar 1 ga Oktoba, 1996 Gusau ta zama hedikwatar sabuwar Jihar Zamfara, aikin gwamnati ya ƙaru, unguwanni irin su Samaru da Gada Biyu da Damba suka ƙara faɗi. Amma ofis ba ya ɗaukar kowa. Yawancin iyayenmu a yau abin da suka samu da rana shi ake ci da dare: mai faci, mai walda, kafinta, birkila, ɗan kabu-kabu, mai tireda, mai cajin waya, mai POS.

Masana'antar da ke bayan zaure

Wanda ya bi layi da hantsi zai ga ƙofofi a rufe ya ɗauka babu abin da ake yi. Ya yi kuskure. A bayan kowane zaure akwai ƙaramar masana'anta. Wannan gida ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wancan awara, na gaba fura, na kusurwa ɗanwake da rana, tuwon sayarwa da dare. Ga kuma hoce, abincin da duk inda Bazamfare ya je ake tsokanarsa da shi, garin dawa ne a kwaɓa a gasa, a ci da ƙuli da mai da yaji, ya riƙe ciki har La'asar. Da ribar waɗannan ake zubin adashi, da kwasar adashi ake sayen kwanukan aurar da 'ya, ake kai gudummawar biki, ake ɗinkin Sallah. Kuma, ku lura, da ita ake sayen littafin rubutu da biro da takalmin makaranta a gidaje da yawa.

To amma uwa tana cikin gida, mai saye yana waje. Wa ke haɗa su? Talla. A nan ne maganar take da wuya, kuma ba za mu yi muku ƙaryar cewa tana da sauƙi ba. Farantin da ke hana yarinya zuwa aji, shi ne kuma yake biyan kuɗin littafinta. Wanda ya ce a hana talla kwata-kwata, sai ya faɗi abin da za a ci. Wanda kuma ya ce ba komai, to bai taɓa ganin 'yar shekara 13 tana yawo tsakanin motoci a tasha bayan Magariba ba. Abin da muka ga yana aiki a wasu gidaje shi ne a mayar da sayarwa ƙofar gida, ko a sari wa mai tebur a bakin layi ko da riba ta ragu, ko a tsayar da doka cewa ba talla a lokacin makaranta, ba talla bayan faɗuwar rana. Yayye maza da ke karanta wannan shafi, ku ma kuna da baki a gida. Ɗaukar robar awara zuwa shago bai taɓa rage wa namiji komai ba.

Gari daga ƙauye yake ci

Waken ƙosai da gyaɗar ƙuli da dawar hoce ba a Tudun Wada ake noma su ba. Ta hanyoyin da suka shigo Gusau suke zuwa. Idan ka fita ta hanyar Funtuwa, ka wuce dutsen Kwatarkwashi, kafin awa ɗaya ka isa Tsafe. Idan ka bi ta hanyar Sakkwato kuwa, Bunguɗu na nan kusa, har akwai masu kwana can su yi aiki a Gusau. Su kansu garuruwan biyu rabinsu gari ne rabinsu gona: ɗalibi a Bunguɗu ko Tsafe, da damina, yakan yi noma da safiyar Asabar da Lahadi, da kaka kuma ya yi roron wake ko cirar gyaɗa. Daga Nahuce da Furfuri da Bingi, daga Bilbis da 'Yankuzo da Keta, hatsi da itace da nono da kaji ke gangarowa, su kuma su koma da gishiri da sabulu da magani da kalanzir.

Ba a san darajar wannan igiya ba sai da ta tsinke. Waɗanda ke aji shida yanzu za su iya tuna watan Satumba na 2021. Saboda matsalar 'yan bindiga aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya a faɗin jihar. Aka kuma rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Maradun, watanni shida da sace 'yan matan Jangebe. A Gusau sai da aka yi kusan wata guda babu waya, wasu yankunan kuma har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutum kan hau mota zuwa Funtuwa don kawai ya kira ɗan uwansa ko ya tura kuɗi. Tiyar hatsi ta tashi. Mai cajin waya da mai POS suka zauna suna kallon juna.

Yadda unguwa ta rayu a lokacin, da kuma lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, abin a tsaya a duba ne. Littafin bashin mai shago ne ya riƙe gidaje. Mai shago ya san mahaifinka, ya san ranar da yake samu, ya ba ka tiyar masara ya rubuta. Kwanon tuwo ya riƙa tsallaka katanga. Ba banki, ba takardar yarjejeniya, sai sanin juna da jin kunyar a ce wane ya ci amana. Shi ya sa idan Mama ta aike ku biyan bashin shago, kada ku taɓa ko sisi a hanya. Ba kuɗi kaɗai kuke kaiwa ba, damar cin bashin gobe kuke biya.

Sabon ɗalibi a benci na baya

Yanzu ba hatsi kaɗai ke zuwa daga ƙauye ba, har da mutanensa. Garuruwa da dama a ƙasar Tsafe da Bunguɗu sun sha hare-hare, wasu an ɗora musu kuɗi kafin su yi shuka ko girbi, wasu sun watse. Kaɗan ne daga cikin waɗanda suka gudo ke zaune a sansani. Mafi yawa gidajen dangi suka shiga, ko kangaye, ko gine-ginen da ba a ƙarasa ba a bakin gari. Ɗakin da kuke kwana ku huɗu ya koma na mutum takwas. Tabarmar da kake shimfiɗawa ka yi aikin gida yanzu Gwaggo ce da jikokinta a kai. Tukunya ba ta ƙaru ba, hannuwa sun ƙaru.

Mun san akwai ƙunci a ciki, ba sai kun ɓoye ba. Ɗalibin da ya rasa inda zai buɗe littafi a gidansu yana da haƙƙin ya ji zafi. Amma ku dubi ɗan Gwaggon nan da kyau. Wataƙila shekara biyu ko uku rabonsa da aji, domin makarantar garinsu ta rufe, malamai sun daina zuwa. An saka shi aji biyu alhali sa'o'insa suna aji huɗu. Ya fi kowa tsawo, yana zaune a benci na baya, ba ya ɗaga hannu. Idan aka buga ƙofa da ƙarfi ko salansar babur ta yi ƙara sai ya zabura. Wasu su yi dariya. Da sun ga abin da ya gani, da ba su yi ba.

Har bakinsa ake yi wa dariya, wai ya cika "munka" da "sunka" da "wanga", ya ce "hwari" maimakon "fari". Abin mamaki, masu dariyar su ma haka kakanninsu ke magana, su kansu kuma idan suka je Kano su ake kwaikwaya. Wannan Hausa ce cikakkiya mai tarihi, da irinta manyan makaɗan ƙasar nan irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i. A takardar jarrabawa dai ana son daidaitacciyar Hausa, sai ku rubuta "muka" da "suka". A tsakar gida kuwa kowa ya yi ta gidansu.

Mun ce za mu dawo kan wata magana. Unguwar da kuke taƙama da ita kuna kiran wani baƙauye, baƙi ne suka gina ta. Kakan wani da ƙunshin kayansa a ka ya sauka a tashar jirgi, bai san kowa ba, wani ya ba shi zaure ya kwana. Bambancin kawai, shi neman kuɗi ya kawo shi, waɗannan kuwa tsira da rai.

Daga Azahar zuwa Magariba

An tashi daga boko wajen ƙarfe biyu. A ci abin da ya samu, a yi wanke-wanke, sai Islamiyya bayan La'asar, ko makarantar allo ga masu zuwa, wadda hutunta Alhamis da Juma'a ne. Yara maza da yawa kuma shago suke wucewa: ɗinki, walda, gyaran babur, gyaran waya, aski, haɗa wutar sola. A kewayen Tashar Magami ko Kasuwar Ɗanjuma ba za ka rasa yaro da wandon makaranta a ƙasa, rigar aiki mai baƙin mai a sama ba.

Mu dai muna goyon bayan koyon sana'a, ba ma ɓoyewa. Garin da masaƙarsa ta rufe ya koya wa kowa cewa takarda kaɗai ba ta cika tukunya. Kuma shago aji ne. Yaron tela yana aiki da inci da kashi-kashi kullum. Mai gyaran waya yana riƙe da mita yana auna ƙarfin wuta, abin da ake zana masa a allo a darasin Fiziks. 'Yar mai ƙuli da ke iya faɗa maka ribar tiya biyar ta gyaɗa bayan an cire kuɗin itace da niƙa, ta riga ta san rabin abin da ke cikin littafin kasuwanci, sunayen ne kawai ba ta sani ba. Matsala tana farawa ranar da kuɗin shago ya fara daɗi. Dubu ɗaya a aljihu yau ta fi sakamakon da sai nan da shekara uku. Daga fashin Juma'a, sai na Litinin, sai a ji wane ya daina zuwa. Ba rana ɗaya ake barin makaranta ba, zamewa ake yi a hankali.

Ga shi kuwa ƙofofin ba su da nisa. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana bakin hanyar Zariya. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata zalla a cikin Gusau. Akwai Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Tsafe, inda ake horar da irin ma'aikatan da asibitocin ƙauyukanmu ke nema ruwa a jallo. Kowacce sai ka nuna sakamako mai kyau na WAEC ko NECO, kuma kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi su ne mabuɗin da aka fi tambaya. Maigidan shago na kirki, idan aka same shi da ladabi aka ce jarrabawa ta matso, yakan saki yaro da wuri. Sau da yawa ba a tambaya ne kawai.

Bayan Isha'i

Dare ya yi, wuta kuma sai Allah. Dattawa sun baje tabarma a ƙofar masallaci, rediyo a tsakiya. Samari suna majalisa wajen mai shayi, ana gardamar Arsenal da Chelsea kamar gadon gidansu, ko an cika gidan kallon ƙwallo. Da azumi ne ma unguwa ta fi armashi, idan an sha ruwa goma yara suka fito tashe. Sai dai hira ba ta kai inda take kaiwa a da ba. A unguwannin bakin gari ana shiga gida da wuri, 'yan sintiri su karɓi layi da fitilu da usur.

To, ina rabon littafi? Idan muka cire barci, da boko, da Islamiyya, da ruwa, da aike, da shago, abin da ke saura bai fi awa ɗaya zuwa biyu ba, kuma waya na jiran ta cinye shi. Ɗaliban da muka ga sun tsallake, ba lokaci suka fi kowa ba. Wuri suka nema suka riƙe. Wani bayan sallar Asuba yake zama a masallaci da littafinsa na minti 40 kafin a buɗe rijiya. Wasu su huɗu sukan haɗu a zauren gidan da ke da sola, kowa ya zo da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, wanda ya gane ya koya wa saura. A irin wannan zaure ne ɗan benci na baya ya fi saurin kamo sa'o'insa, domin a nan ba ya jin kunyar tambaya. Wasu ƙarƙashin fitilar titi mai aiki da hasken rana suke zama, a inda iyaye suka yarda kuma ake ganinsu. 'Yan mata kuwa, da yake fitar dare ba tasu ba ce, sukan jingina tocila a bakin murhu, ido ɗaya a tukunya ɗaya a littafi.

Wajen ƙarfe goma layi ya yi tsit, sai haushin karnuka da usur daga nesa. Mama ta zuba waken gobe a ruwa. An jera jarkoki a bakin ƙofa, babu komai a cikinsu, an ɗora jakar makaranta a kan ta ƙarshe don kada a manta da ita.